A digiri nawa zan saita fankar lagireto?

Direban Kawo: Salamu alaikum. Na sayo na'urar kunna fanka a Panteka don tsohuwar Corolla ɗina. Bakanike ya ce a haɗa fankar dairek, wato ta riƙa juyawa ba tsayawa muddin mota na kunne, ban yarda ba. Zafin Afrilu da cunkoson Kawo ke damuna. Nawa zan saita?

Baban Sadiƙu: Wa alaikumus salam ƙanena. Duba lambar jikin tamostat ɗinka, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. In 82 ce, fanka ta kama wajen 92, ta saki a 87. Ka sa ƙasa da 82, ba za ta huta ba. Haka tawa ta ƙone bara.

Ɗan Kakuri: Malam, ina sansar na'urar take, wato abin da ke auna zafin ruwan? In a tiyon ƙasa na lagireto take, ruwan ya riga ya huce, sai ka rage.

Direban Kawo: Tiyon sama ne. Na gode Yaya, gobe zan gwada 92.