Wai kwaɗo naman daji ne?

Ɗan Ƙofar Na'isa: Jama'a, ni yau raina a ɓace yake. Kududdufin bayan gidanmu da muka tashi muka gani, sati uku ke nan tifa tana juye masa ɓaraguzai da shara, wai filaza za a yi. Jiya kuma aka kwantar da tsamiyar bakinsa, wadda balbelu ke kwana a kai. Da magariba suka dawo suna ta shawagi, babu wurin sauka. An kashe mana namun daji kowa ya yi gum, kuma ba wanda ya tambayi ina ruwan Agusta zai bi.

Baban Walid: Namun daji? A cikin badala? Zaki ne a kududdufin ko giwa?

Maman Biyu: Kwaɗi dai da sauro. Ni kam Allah ya raka taki gona, kuɗin maganin zazzaɓi ya ishe ni.

Malamin Kimiyya: Hajiya, duk dabbar da ba mutum ke kiwonta ba ai naman daji ce. Balbela, tsari, kunkuru, bushiya, har jemagun da ke kan maɗatan Nassarawa. Kuma kwaɗon nan da kike rainawa ƙwari yake ci, har da sauron.

Baban Walid: Malam, ajiye mana boko. Bahaushe in ya ce naman daji, abin da mafarauci ke ratayowa yake nufi, gada ko barewa ko zomo. Ka taɓa jin an buga gangi an tafi farautar kwaɗo? Mai son namun daji ya biya kuɗin ƙofa ya shiga gidan zu na Audu Bako, ko ya hau mota zuwa Falgore.

Malamin Kimiyya: To wanda ke cikin keji a gidan zu, a dajin yake?

Baban Walid: Asalinsa daji ne.

Kawu Na Mandawari: Ku saurara yara. Kududdufan nan ba daji ba ne, ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, da ita aka yi gidaje, da ita aka yi ganuwa. Daga baya damina ta cika su. Muna yara a ciki muka koyi iyo, mun kama tarwaɗa.

Baban Walid: Kun ji ko? Kawu ya ce ba daji ba ne. Magana ta ƙare.

Kawu Na Mandawari: Ban gama ba, ɗana. Na ce

Injiniya: Ku ba ni minti ɗaya. Tun 1992 akwai dokar tarayya da ta ce kafin a fara babban aiki, irin titi ko dam ko masana'anta, sai an yi binciken illarsa ga muhalli, kuma a 2007 aka kafa hukumar NESREA don sa ido kan dokokin muhalli. Gini a cikin gari kuwa izininsa na hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. A wajen aiki abin ba wuya: a fara fitar da magudana kafin a zuba tifa ko ɗaya, a bar wani ɓangare ya riƙe ruwa, kada a sare bishiya lokacin da tsuntsu ke da ƙwai a sheƙa. Kududdufi randar unguwa ce. Ka cike shi, ruwan ba ɓacewa zai yi ba, ɗakin wanda ya fi kowa kwari zai shiga. Shi kansa mai ginin, in da shara ya cike, ƙasar za ta zauna, bango ya tsage.

Ɗan Kwari: Duk wannan dogon bayani bai ce mana kwaɗo naman daji ne ko a'a ba.

Maman Biyu: Ni dai tambayata, ina ungulayen kwata suka tafi? Da a kan kowane rufi sai ka gan su.

Ɗan Ƙofar Na'isa: Gine-ginen nan ne mana, Hajiya. An sare rimi an sare kuka, a ina za su yi sheƙa?

Ɗan Kwari: Ƙarya ne. Masu haɗa magani da tsibbu ne suka cinye su, kowa ya san ana sayar da kan ungulu.

Ɗan Ƙofar Na'isa: Ka iya bakinka, ni ba sa'anka ba ne da za ka ce min ƙarya.

Jar Hula Har Abada: Ku daina kewaye-kewaye. A zamanin wa aka dinga yanka filaye a jikin badala ta titin BUK?

Baban Walid: A zamanin wa aka zuba wa Jakara kankare? Kifi nawa kuka kwashe kafin nan?

Jar Hula Har Abada: Kifi a Jakara? Ruwan kwatami? Lallai ba a Kano aka haife ka ba.

Baban Walid: Ku da kuka yi rusau a 2023, ɓaraguzan ina aka kai su?

Jar Hula Har Abada: Kawo hujja.

Baban Walid: Wani ɗan'uwana direban tifa ne ya faɗa min.

Injiniya: Don Allah, maganar magudanar fa? Shamuwa ta riga ta iso.

Ɗan Kwari: Ita ma shamuwar naman daji ce? Malam, amsa.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta komai, ga abin da aka cimma. Mafi yawan 'yan zaure sun yarda babu namun daji a cikin birni, Kawu da kansa ya tabbatar rami ne mutum ya haƙa. Hajiya ta nuna illar sauro. Injiniya ya ce ba laifi a cike in za a yi kwata. Filaza kuma za ta samar wa matasanmu shaguna. Wanda ya kawo maganar ya janye kalmarsa, ya kuma ba Ɗan Kwari haƙuri.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba haka na ce ba.

Ɗan Ƙofar Na'isa: Shi ya zage ni, ni zan ba da haƙuri? Shugaba, shagon ƙasa aka yi maka alkawari ko na sama?

Shugaban Zaure ya sauya tsari: shugabanni kaɗai ke iya turo saƙo.