Shin koyon na'ura zai iya gano harin da ake kai wa na'urori masu haɗe da intanet?

Sadiya:
Assalamu alaikum. Ina nazari ne a kan tsaron ƙananan na'urori masu haɗe da intanet, kamar kyamarar tsaro da na'urar rarraba intanet, kuma na ga ana yawan ambaton fasahar koyon na'ura, wato yadda kwamfuta take koyo daga bayanan da aka ba ta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waɗannan na'urori ba su da ƙarfin ɗaukar manhajar kariya. To, a ina ake ɗora fasahar, kuma me take koya?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Galibi ana ɗora ta ne a mashigar da bayanan na'urorin suke bi kafin su fita intanet. Abin da take koya shi ne ɗabi'ar kowace na'ura: girman bayanan da take aikawa, da tazarar lokacin da ke tsakaninsu, da adireshin da ta saba tuntuɓa. Aikin kyamara bai cika sauyawa ba, saboda haka ranar da ta fara ƙwanƙwasa ƙofofin dubban adireshi baƙi, za a gane cewa da walakin.

Irin wannan ƙwanƙwasar muguwar manhajar nan mai suna Mirai ta yi a 2016. Ta riƙa laluben na'urorin da ƙofarsu ta Telnet, wato hanyar shiga na'ura daga nesa, take a buɗe, tana gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta, sannan a watan Oktoba aka yi amfani da na'urorin da ta kama wajen afka wa kamfanin Dyn, mai haɗa masu bincike da adireshin shafukan intanet, har shiga Twitter da Netflix ya gagari mutane da yawa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion sun sa wa na'urori 9 Mirai da wata muguwar manhaja irinta mai suna BASHLITE da gangan, suka nuna cewa tsarin da ya koyi ɗabi'ar lafiyayyar na'ura yana iya gano harin.

Injiniya Bello:
Na yarda da Malam Habibu, amma ina da damuwa a kan ƙararrawar ƙarya. A ƙaddara tsarin yana kuskure sau 1 cikin 100, kuma yana duba haɗi 1,000,000 a rana. Ke nan gargaɗi kusan 10,000 na banza zai tara, kuma babu ma'aikacin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan da zarar an sabunta manhajar na'ura, ɗabi'arta tana sauyawa, sai an sake horar da tsarin.

Sadiya:
Na gode ƙwarai. To idan na'urar ta riga ta kamu tun kafin a fara horarwar fa?

Malam Habibu:
Nan ne gizo ke saƙa, domin tsarin zai ɗauki aikin maharin a matsayin ɗabi'ar yau da kullum. Shi ya sa ake tattara bayanan horarwa tun na'urar tana sabuwa, a keɓaɓɓen layi, bayan an sauya kalmar sirrin masana'anta an kuma rufe Telnet.