Allurar rigakafin sati goma ta tada ƙura a zauren WhatsApp na garinmu, ƙasar Ringim

Baban Khalifa: Jama'a ku ji takaici. Jiya aka yi wa yarona allurar sati goma, daren nan ba mu runtsa ba. Jiki zafi rau, cinya ta kumbura, nono ma da ƙyar ya kama. Lafiyarsa ƙalau muka kai shi. Allurar nan karya garkuwar jiki take yi.

Maman Hanifa, ma'aikaciyar lafiya: Allah ya ba shi lafiya, Yaya. Zafin nan garkuwar ce ke aiki. Penta ce aka yi masa, rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya, ta sati 6, 10 da 14. Abin da ke cikinta ba ya sa cuta, sai dai fararen ƙwayoyin jini su yi caa a wurin, shi ne kumburin, su ɗaga zafin jiki, su haddace kamannin mashaƙo da sauransu don gaba. Kwana ɗaya ko biyu zai sauka. In ya wuce haka, ko ya yi jijjiga, a kawo shi. Kyanda ce ke goge wa garkuwa haddarta, shi ya sa yaro ke ta laulayi bayanta.

Malamin Firamare: Jahilci ne ke cinmu. Mashaƙon 2023 a Kano, yawancin yaran da ya kama ba su yi allura ba.

Baban Khalifa: Wane ne jahilin? Na sauke Alƙur'ani kana rarrafe!

Malamin Firamare: Rashin sanin abu nake nufi, ba zagi ba.

Alhaji Mai Shago: A garin nan, in ka ce wa magidanci jahili, ka zage shi. Kuma wanda ya san abin da gwajin maganin Trovan ya jawo a Kano lokacin sanƙarau na 1996, in ya yi tambaya ba jahili ba ne.

Ɗan Autan Liman: Alhaji ya gama magana. Malam ya janye kalmar.

Malamin Firamare: Ba zan janye ba. Ku 'yan bayan kasuwa dama haka kuke, ranar taron iyaye ma ba a ganin ƙeyarku.

Ɗan Autan Liman: To ku 'yan gangare da kuka cinye aikin foliyo, daga kai sai ƙannenka?

Maman Hanifa: Don Allah ku saurara. Inda garkuwa ke kuskure da gaske shi ne ciwon maƙogwaron da aka ƙi yi wa magani: wani lokaci takan juya ta far wa gaɓoɓi da zuciyar yaro. Wannan ya kamata mu tattauna.

Alhaji Mai Shago: Hajiya, bari a gama da zancen jahilci tukuna.

Admin: To, a taƙaice: Baban Khalifa ya kawo kukansa cikin ladabi, Malam ya ci zarafinsa, kowa ya ga hakan. Hajiya ma ta yarda allurar na sa zazzaɓi. Malam ya ba da haƙuri kafin magariba.

Malamin Firamare: Kowa fa? Ai ƙanwarka Baban Khalifa ke aure, me za ka ce da ya wuce haka?