Abin da barista ya ce kan haraji da haya

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi da wani barista a majalisa, maganar haraji ce ta cinye lokacin. Ya ce dokokin harajin nan guda 4 da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda biyu daga cikinsu suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, mutane sun tsorata kansu ne kawai, wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba babu ruwansa da harajin samu, VAT kuma, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da ka saya, yana nan a kashi 7.5, ba a ƙara ba. Kuɗin da ɗan'uwa ya turo maka kyauta ba riba ba ce, amma fa ka raba akawun ɗin kasuwa da na gida, ka riƙa rubuta ciniki ko a littafin 'yan makaranta ne, don ranar da aka tambaye ka baki ba hujja ba ne.

Masu haya ma akwai rangwame, ana cire kashi 20 na kuɗin haya daga samun da za a lissafa wa haraji, iyakarsa naira 500,000, sai dai da rasit, mu kuwa nawa ne ke karɓar rasit wurin mai gida? Ya ce mai gida ba shi da ikon kware rufi ko canza kwaɗo don ya kori ɗan haya, notis zai bayar sannan kotu.

Siyasa dai bai ja ta ba, cewa ya yi a tambayi kansila da ciyaman ina kuɗin ƙaramar hukuma suke shiga, tunda kwatar unguwa tasu ce.