Ɗawisuna yana zubar da gashi, wa ya taɓa ganin haka?

Mai kiwo, unguwar Zariya: Assalamu alaikum. Tun da ruwa ya fara ɗaukewa ɗawisun gidanmu yake zubar da dogon gashin bayansa, kullum sai yara sun tsinto a tsakar gida. Yana cin geronsa, ba ya zawo, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa kiwonsa ya taimaka mini.

Dattijo daga Tibiri: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ciwo ba ne. Haka nawa yake yi duk shekara idan lokacin barbara ya wuce: gashin ya zube kakaf, sabo ya tsiro, kafin wata damina ya cika. Ka ɗaga abin da ya rage ka duba, za ka ga gajeren bindi mai tauri a ƙarƙashi. Shi ne bindin gaskiya, shi ke tallabe adon in ya baje. Kada ka bari yara su fizge wanda bai faɗo da kansa ba. Ka ƙara masa gara da fara da ganyen zogale, don tsiron gashi yana cin jiki.

Mai zabi, Jiratawa: Baba ya faɗi daidai. Ni wahalar da na sha ta wajen macen ce. Ba ta da wannan ado, ruwan ƙasa ce, sai ɗan kore a wuya da tukku a ka. Ta je bayan rumbu ta tona ƙasa ta zuba ƙwai biyar, muzuru ya kore ta. Sai na sa wa kaza, yadda muke yi da ƙwan zabi, tunda kwancin kusan ɗaya ne, kwana 28. Uku suka ƙyanƙyashe. Namijin cikinsu sai da ya shekara uku adonsa ya kammala, saboda haka mai sayen ƙarami ya yi haƙuri.

Hajiya, Ali Ɗan Sofo: Ku dai ku faɗa wa mutane maganar kukansa! Da asuba da tsakar dare, har maƙwabta suka aiko. Kuma ya ƙi akurki sam, magariba na yi sai ya tashi ya haye dogon yaro, can yake kwana. Ya taɓa ganin inuwarsa a jikin motar maigida ya yi ta sara har fenti ya kwarzane. Daga baya muka mai da shi garka, ya fi sakewa a can.

Malamin makaranta, Madarumfa: Hajiya, halinsa na daji ne bai bari ba. Wannan mai shuɗin wuya asalinsa Indiya da Siri Lanka, Indiya ma ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa tun 1963. A can yana kiwo a ƙasa da rana, hatsi da ƙwari da ƙadangaru har ƙananan macizai, dare ya yi ya hau dogon itace don tsira daga namun daji. Afirka ma tana da nata a kurmin Kwango, wanda masana suka bayyana a 1936, sai dai ba shi da dogon gashin. Ni abin da ke damuna shi ne masu kulle shi a ƙaramin keji don kwalliyar gida, gashin ya kakkarye, tsuntsun ya rame.

Mai kiwo, unguwar Zariya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, garar da safe ake ba shi ko da marece?