Binciken Farfesa Hadiza Galadanci kan zubar jini bayan haihuwa: zai yi aiki a ƙananan asibitocinmu na Kaduna?

Ɗalibar ungozoma, Tudun Wada:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ana yawan ambaton binciken E-MOTIVE wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Me ya gano takamaimai? Kuma asibitin matakin farko da ke da ungozoma ɗaya a aikin dare zai iya bin tsarin, ko sai manyan asibitoci irin su Barau Dikko da Shika?

Likitan mata, Zariya:
Wa alaikis salam 'yata. An fitar da sakamakon a 2023. Asibitoci 80 ne a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000 da suka haihu da kansu. Zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo ta sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, abu biyu aka gyara. Na farko, an daina kintata jini da ido, don zane da katifa suna shanye shi, a ce kaɗan ne alhali mace ta yi nisa. Da jariri ya fito sai a shimfiɗa mata leda mai ma'auni a ƙarƙashinta, jinin ya taru a aljihun ledar, ana dubawa duk minti 15 a awar farko. Ya kai mililita 500, a fara magani. Ko 300 ne ma, in bugun zuciya ya ƙaru ko awon jini na BP ya faɗi, kar a jira.

Na biyu, an daina gwada magani ɗaya a zauna a ga ko zai yi. Cikin minti 15 ake haɗa komai: murza mahaifa har ta yi tauri, oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, yunit 10 ta jijiya, sannan yunit 20 cikin lita ɗaya ta ƙarin ruwa na awa huɗu, tiranekzamik, allurar da ke taimaka wa jini ya daskare, giram 1 a hankali cikin minti 10, a kuma duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya da ya maƙale. In jinin bai tsaya ba bayan minti 30 a ƙara tiranekzamik giram 1. Wannan allurar amfaninta cikin awa uku na farko ne bayan haihuwa, shi ya sa ajiye ta sai an tura mace babban asibiti asara ce.

Amma ki sani a asibitoci masu matsakaicin girma aka yi gwajin, masu likita da ɗakin tiyata.

Mai harhaɗa magunguna, Kakuri:
Dakta ya gama magana, sai dai in ƙara batun ajiya, don nan ake yawan faɗuwa. Oksitosin firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya kwana a kan tebur a zafin Maris da Afrilu ƙarfinsa raguwa yake yi, a yi allura mahaifa ta ƙi tsukewa. Inda wuta ba tabbas, akwai kabetosin mai jure zafi, shi ma allurar tsuke mahaifa ce, maikirogiram 100 sau ɗaya, amma na rigakafi ne, ba a warkar da zubar da ta riga ta fara da shi. Misofurostol kuwa, ƙwayar tsuke mahaifa, maikirogiram 600 a haɗiye don rigakafi, 800 a ƙarƙashin harshe don magani, kuma sai an tabbatar ba sauran ɗan tagwai a ciki. Zai iya sa zazzaɓi da rawar sanyi. Egometirin, wata allurar tsuke mahaifa, kar a kuskura a ba mai hawan jini.

Sista mai kula da ɗakin haihuwa, Rigasa:
Ƙanwata, zai yi, amma leda kaɗai ba ta ceton kowa. A haɗa akwati guda, magunguna, robar ƙarin ruwa, allurar jijiya mai faɗin baki, robar fitsari da safar hannu duk a ciki, a duba shi a kowane canjin aiki. Mafi munin abu shi ne a rubuta wa miji takarda ya tafi neman kemis ƙarfe biyun dare.

In ke kaɗai ce, ki kira duk ma'aikacin da ke kusa ya riƙa murza cikin, ke ki nemi jijiya tun kafin ta ɓace. Ki zubar da fitsarin mafitsara, don cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. Da zarar kin fara magani a kira mota, a kuma sanar da asibitin da za a je, a tafi da 'yan uwan da za su ba da jini. In zubar jinin ta ƙi tsayawa, ki danne mahaifar da hannu biyu har a isa.

Likitan mata, Zariya:
Haka ne Sista. Tun wajen awo ma a riƙa gwada jini. Awon ƙarfin jini, wato himogulobin, ƙasa da giram 11 ƙarancin jini ne, a dage da maganin ƙarin jini. Macen da ta shiga naƙuda da giram 7 ko ƙasa, zubar da wata za ta jure ita kayar da ita za ta yi, don haka tun ciki bai tsufa ba a tsara ta haihu inda ake ƙarin jini.