Shafen siminti yana ɓallewa daga bangon ƙasa: a sake shi ko a koma yaɓe?

Magidanci daga unguwar Bilbis, Tawa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini a kan gidan da mahaifinmu ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Ginin ƙasa ne, ɗaki uku da zaure, biyu masu rufin kwano, ɗaya kuma soro ne mai azara wanda mahaifiyarmu take kwana a ciki. Shekara huɗu da suka wuce na sa aka shafe bangon waje gaba ɗaya da siminti, domin na gaji da neman mai yaɓe duk bazara, kuma na ɗauka da wannan aikin na huta ke nan.

Bana, bayan ruwan watan Agusta, shafen bangon gabas ya tsage tun daga ƙarƙashin indararo har ƙasa, sannan wani ɓangare mai faɗin tabarma ya ɓallo da daddare ya faɗi a tsakar gida. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙasar da ke bayan shafen, wadda na tarar da ita jiƙe, tana marmashewa a hannu kamar garin tuwo, alhali a waje bangon yana nan sumul. Maginin da ya yi aikin ya ce simintin ne ya yi kaɗan, in sayo buhu shida ya sake shafawa da kwaɓi mai ƙarfi. Kafin in sake kashe kuɗi ina so in ji ta bakin wasu: shin ƙarin siminti zai magance wannan matsala, ko kuwa tun farko kuskure na yi?

Tsohon magini, Illela

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sayi buhu ko ɗaya tukuna. Na yi shekara fiye da arba'in ina gina ƙasa, kuma abin da ka bayyana na gan shi a gidaje da yawa. Siminti da laka ba sa zama abu ɗaya. Laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta koma ta tsuke idan ta bushe, shi kuwa siminti da zarar ya daskare ba ya motsi, saboda haka shekara biyu ko uku sun isa su rabu, a sami rata a tsakaninsu wadda ido ba ya gani. Ruwa yana shiga wannan ratar ta ƴar tsaga a sama, ya rasa hanyar fita domin siminti ya toshe masa, sai ya zauna yana cin bangon daga ciki. Kwaɓi mai ƙarfi da maginin naka yake faɗa zai ƙara tsananta abin ne, domin gwargwadon taurin shafen, gwargwadon yadda zai tsare danshi a bayansa.

Ka ɗauki ƙotar guduma ko sanda ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda shafen yake riƙe da ƙasa za ka ji sauti a dunƙule, inda ya rabu kuwa za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya da aka kife. Duk wurin da ya amsa haka, a sauke shi da hannu tun bai sauko da kansa a kan yaro ba. Daga nan a bar bangon tsirara ya sha iska da rana har ya bushe sarai, kuma wannan ba aikin kwana uku ba ne, sai an ba shi makonni.

Ba mamaki da bangon gabas ne ya fara. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska ta kaɗo ruwan ta maka shi a wannan fuskar, shi ya sa magina na da suke ƙara wa bangon gabas kaurin yaɓe, suke kuma guje wa buɗe ƙofa ko taga ta wannan gefen.

In da gidana ne, da na koma yaɓe. A samo jar ƙasa mai ɗan yashi, ba yumɓu zalla ba domin shi tsagewa yake yi, a kwaɓa ta da ƙaiƙayin hatsi da kashin shanu ko na jaki, a tattake sosai, a rufe a bar ta kwana bakwai zuwa goma ana yayyafa ruwa har ta ruɓa ta yi danƙo. A shafi na ƙarshe a kwaɓa da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa, wanda yake sa yaɓen ya yi duhu ya riƙa tunkuɗe ruwa. Na san ɗorawa ba ta da yawa a Adar, wato yankinmu na Tawa, sai an kawo makubar daga kudu, amma mu a nan mun sha jiƙa bagaruwa mu yi aiki da ruwanta idan makuba ta yi wuya. Wanda yake ganin ƙasa ba ta daɗewa ya je garin Yama da ke nan jihar Tawa ya dubi masallacin Juma'ar da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya sami kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Da ƙasa aka gina shi, kuma abin da ya riƙe shi shi ne mutanen garin ba su daina kula da shi ba.

Ma'aikacin gine-gine, Yamai

Baba ya faɗi gaskiya game da dalilin ɓallewar, kuma ban da abin da zan ƙara a kai. Inda zan ɗan saɓa masa, tare da girmamawa, shi ne a kan komawa yaɓe kacokan. Yaɓe yana son a waiwaye shi duk shekara ɗaya ko biyu, kuma a cikin gari yanzu samun ƙasa mai kyau da wanda ya iya kwaɓa ta ya fi samun siminti wuya, musamman a Tawa da masana'antar siminti ta Malbaza take kusa. Mutumin da yake fita aiki tun safe ya dawo da magariba yakan yi niyyar yaɓe, damina ta riske shi bai yi ba, kuma bangon da aka bari babu yaɓe babu shafe ya fi kowanne shiga haɗari.

Ana iya shafa siminti a kan ƙasa ya daɗe, amma sai an ba shi abin riƙewa, domin shi da kansa ba zai manne ba. Bayan bangon ya bushe, a kankare duk ƙasar da ta yi laushi, a cike ramukan da laka irin ta ginin, ba da siminti ba, a bar cikon ma ya bushe. Sannan a shimfiɗa wayar raga irin ta kejin kaji, wadda muke kira giriyaji, a kafe ta da dogayen ƙusoshi, tazarar kamar kamu ɗaya tsakanin ƙusa da ƙusa. A nemi raga da ƙusa marasa tsatsa, domin ƙarfen da ya yi tsatsa a cikin shafe kumbura yake yi ya fasa shi. Kwaɓin kuma ya zama mai sauƙi: awo ɗaya na siminti, awo ɗaya na farar ƙasar gini, awo shida na yashi mai tsabta. Farar ƙasar tana sassauta taurin shafen, ta ba danshi hanyar fita. A fara watsa shafi na farko siriri, a bar shi da kaushinsa ya kwana biyu, sannan a ɗora na biyu, kaurinsu duka kada ya wuce santimita 2. A riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma har mako guda. Mutane da yawa suna raina wannan shayarwar, alhali a lokacin hunturu iskar tana zuƙe ruwan kwaɓin kafin simintin ya gama kamawa, sai ka ga shafe sabo yana zubar da yashi idan an goga masa hannu.

Akwai abu ɗaya da nake so ka tabbatar kafin komai, Malam. Ka ce tsagar ta taso daga ƙarƙashin indararo har ƙasa. Ka duba ko a shafen kawai take, ko ta ratsa bangon har ana ganinta daga cikin ɗaki. Idan ta ratsa, ka ɗana ɗan kwaɓin siminti siriri a kanta wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka jira makonni. In ɗanin ya tsage, bangon yana motsi ke nan, kuma matsalar ta tushe ce, babu shafen da zai rufe ta. Tunda ɗakin soro ne mai nauyin ƙasa a kansa, ka kuma leƙa kawunan azarar inda suka shiga bangon gabas, ka soka musu wuƙa ka ji ko sun yi laushi.

Uwargida daga Bukoki, Yamai

Ni ba magina ba ce, amma a gidan ƙasa na yi aure, a cikinsa na yi shekara ashirin da shida, kuma mu mata mu ne muke wuni da bango. Malam, maganar indararon da ka ambata a wuce ita ce ta tsaya mini a rai. A gidanmu mun taɓa yin irin wannan asarar, muka yi ta zargin mai shafe, ashe indararon ne ya gajarta, bakinsa kuma ya lanƙwashe, ruwan soro yana bin jikin bangon maimakon ya zuba nesa. Sai da aka sa mai tsawo, aka liƙe inda ya ratsa rawanin soron da kyau, aka ajiye faffaɗan dutse inda ruwan yake sauka domin kada ya haƙa rami ya fantsamo wa bangon, sannan muka huta. Ka hau soron da kanka ka duba, domin ganye da leda da kashin tattabaru suna toshe bakin indararo, ruwa ya kwanta a sama ya nemi hanya ta cikin bango.

Ka kuma lura da abin da ake yi a gindin bangon kullum. Idan a nan ake wanke-wanke, ko a nan randa take, ko nan ake watsa ruwan wanki, to ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa, kuma bango yana tsotsar wannan ruwan daga ƙasa zuwa sama. Alamarsa ita ce farin abu kamar kanwa da yake fitowa a gindin bango. Danshin nan kuma shi yake kiran gara, ita kuwa bayan siminti wurin ɓuya ne a gare ta. Mu dakali muka sa aka yi mana a jikin bangon, mai ɗan gangare zuwa waje, muka mayar da wurin wanke-wanke tsakiyar gida kusa da magudana.

Roƙona gare ka shi ne ka ɗauke Inna daga wannan ɗakin har a gama bincike. A daminar 2020 da ta 2024 mun ga yadda gidajen ƙasa suka riƙa faɗuwa a nan Yamai da sauran jihohi, kuma bangon da ya jiƙe ba ya sallama kafin ya zauna.

Magidanci daga unguwar Bilbis, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, tun daren jiya Inna ta koma ɗakin kwano, kodayake sai da aka sha fama domin ta ce zafinsa ba ya barinta barci. Da safe na hau soron, na tarar da abin da kika faɗa: indararon ya tsage daga ƙasa daidai inda ya shiga rawani, kuma akwai alamar ruwa ya daɗe yana kwanciya a wannan kusurwar. Na bi bangon da ƙwanƙwasa kamar yadda Baba ya ce, kusan rabin fuskar gabas tana amsawa, amma ta yamma da ta arewa suna nan daram. Tsagar ba ta fito ta ciki ba, sai dai kan azara ɗaya wuƙa ta shige shi da sauƙi.

Abin da na tsayar shi ne a sauke shafen gabas a wannan makon, a tokare azarar da ta yi laushi kafin a canja ta, a gyara indararo, sauran bangayen kuma in bar su yadda suke tunda ba su motsa ba. Fuskar gabas ina son in mayar da ita yaɓe, domin ko ta lalace zan ga lalacewar da idona. Baba, saura tambaya ɗaya: in bangon ya bushe a cikin Nuwamba, in yi yaɓen nan take, ko in jira bazara kamar yadda mahaifinmu yake yi?

Tsohon magini, Illela

Ka raba shi biyu, ɗana. Cikon ramuka da shafin farko a yi su da zarar bangon ya bushe, domin su sami watannin rani su zauna, duk tsagar da za ta fito ta fito a gan ta. Shafin makuba kuwa ka bar shi sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, kada rana ta ƙone shi yana ɗanye. Azarar kuma kada ka yarda a sa maka kowane irin icce, ka nemi ta giginya, kuma kafin a zare tsohuwar a rage ƙasar da ke kanta daga sama, a kafa tokara biyu a ƙarƙashin maƙwabtanta na dama da hagu.